Hulɗar sana'a ta waya: yaya ake gane ribarta?

A Zongon Kumasi sanayya jari ce tun zamanin fataken goro, lokacin da maigida ke saukar da baƙo, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa kan bashi. Yau telan unguwar Aboabo da mai atamfa a kasuwar Kejetia sun kai wannan hulɗa WhatsApp, Facebook da TikTok. Shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Lissafin gida biyu ne. Na farko abin da ya fita: kuɗin data, da awannin da keken ɗinki ke tsaye ana amsa saƙo. Na biyu abin da ya shigo: a tambayi duk sabon mai ciniki inda ya sami labari, a rubuta a littafi, ƙarshen wata a gwada da sidin da suka shigo ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ko hannu da hannu.

Yawan mabiya ba ciniki ba ne. Abin ƙirgawa shi ne wanda ya biya, ya dawo, ya turo wani. Kada a yi hukunci da watan Sallah kaɗai, domin lokacin kowa na ciniki. Dandalin da ya yi wata uku bai mayar da kuɗin datarsa ba, a rage masa lokaci.