Bayani A Kan Gugar Fentin Keke Da Ruwa

Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne abin da na gani a ƙasarmu ta Safana tun daga shekarar 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗinsa ya hau. Mutane da yawa waɗanda suka jingine keke saboda babur suka koma suka jawo shi daga bayan rumbu: manomi mai zuwa gona, da ɗan makaranta, da mai kai kaya kasuwar Runka ko Batsari ko Dutsin-Ma.

To, keken da ya daɗe a ajiye lalle tsatsa ta kama shi, ita kuwa tana samuwa ne idan ƙarfe ya gamu da ruwa da iska. Firam ɗin keke bututu ne, kaurin bangonsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, in tsatsa ta huda shi ya tashi daga aiki. Saboda haka fenti riga ce ga ƙarfe kafin ya zama ado.

Kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh na birnin Nottingham da Hercules na Birmingham a Ingila, da Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin wanda ya zo daga baya, a masana'anta akan gasa fentinsu cikin tanderu, shi ya sa yake da tauri da sheƙi. Kamfanin Raleigh ya daina harhaɗa keke a Nottingham a 2002, amma tsofaffin kekunansa na nan hannun mutane. Mu ba mu da tanderu, sai fentin gwangwani na feshi, wanda wani Ba'amurke, Edward Seymour, ya fito da shi a 1949. Iska ce ke busar da shi. Idan ya bushe sai ka ga fuskarsa ta yi kurzunu-kurzunu kamar ɓawon lemo, ƙura ta manne masa, wani wurin kuma ya zubo kamar hawaye.

Maganin wannan shi ne guga da samfefar ruwa, watau wadda jiƙa ba ya ɓata ta. Francis Okie ne ya ƙago ta, kamfanin 3M na Amurka ya fitar da ita kasuwa a 1921. Amfanin ruwan uku ne: yana wanke garin fenti kada ya toshe haƙoran takardar, yana sanyaya wurin kada fentin ya yi laushi, yana kuma kwantar da ƙura kada mutum ya shaƙa. Asirin sheƙi kuwa mabugan Kano sun riga mu saninsa. Suna bugun rini da itace har fuskarsa ta kwanta sumul, sa'an nan ya ɗauki ido. Haka fenti yake: abin da ya daidaita shi ke mayar da haske.

Ga yadda aikin yake. Da fari a kwance keken duka, taya da sarƙa da feda da sirdi da birki, a bar firam zalla. A kankare tsatsa da busasshiyar samfefa mai kaushi har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, domin fenti ba ya kama maiƙo. A fesa fentin ƙasa mai hana tsatsa, kana a bi da na launi sau uku ko huɗu, kaɗan-kaɗan, gwangwani yana nesa da ƙarfen kamar taƙi ɗaya. A yi aikin a waje, a inuwa, nesa da wuta, hanci a rufe, a yayyafa wa ƙasa ruwa. A guji ranar da hunturu ya taso da ƙura, da ranar damina mai raɓa, domin laima tana dusashe fenti.

Sa'an nan a jira. Fentin gwangwani yakan bushe a sama cikin sa'a guda alhali cikinsa ɗanye ne. A ba shi mako ɗaya, biyu sun fi. A danna farce a wani ɓoyayyen wuri. In ya bar shaida, lokaci bai yi ba.

A bayan kowace samfefa akwai lamba, gwargwadon girman lambar gwargwadon laushinta. A fara da 1000, a bi da 1500, a ƙare da 2000. A jiƙa ta kamar minti goma cikin ruwa mai ɗigon sabulu. Ruwan rijiya ko na rafi a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle, gama ƙwayar yashi guda ta isa ta ja zane tun daga wuyan keke har gindin sirdi. A naɗa takardar a jikin bututun, a riƙa ja a hankali ba dannawa, ana zuba ruwa. Jim kaɗan a share a duba. Inda ya dushe ya daidaita, ɗigon da ke ƙyalli rami ne da guga ba ta kai gare shi ba. Idan duka ya dushe bai ɗaya, a tsaya. A kiyayi gefuna da mahaɗar bututu, nan fenti ya fi sirantaka, kada garin neman gira a rasa ido. Fenti mai ƙyalƙyalin azurfa kuwa ba a gugarsa kai tsaye, sai an rufe shi da fenti marar launi, shi ake guga. Daga nan a shafa man goge irin na masu fentin mota, a murza da tattausan ƙyalle har mutum ya ga fuskarsa. A kife firam ɗin a rana, ruwan da ya shiga bututu ya fita, don kada tsatsa ta ci shi ta ciki.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗar gaggawa. Keken mahaifina na fesa da hantsi, kashegari na hau guga. Fentin ya riƙa naɗewa ƙarƙashin hannuna kamar danƙo, kuɗin gwangwani uku ya tafi a banza. Wani tsohon almajirina mai gyaran keke ya duba ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ku kuka koya mana ba a rubutu a jiƙaƙƙen allo." Na yi shiru, domin gaskiyarsa. Sauri ya haifi nawa.

Saura gargaɗi ɗaya, shi ne mafi nauyi. Wanda ya iya wannan aiki yana iya mayar da tsohon keke kamar sabo, nan kuwa ƙofar ha'inci take. Akwai mai tarar da tsaga a firam, ko tsohuwar walda, ya cike ta ya fesa ya goge, ya kai kasuwa bai faɗa ba. Mai saye ya ɗora buhun gero, a gangara ƙarfen ya karye da shi. Littattafan fiƙihu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye ikon mayarwa. Mai gyara ya duba mahaɗai tun ƙarfen yana tsirara, ya nuna wa mai keke abin da ya gani. Kada kuma ya binne lambar da aka buga a jikin firam, domin da ita ake gane keken sata. Mai saye shi ma ya bi mahaɗai da yatsa, ya tambayi dalilin sabon fenti kafin ya ƙirga kuɗi.

Nan zan dakata, sai mako mai zuwa in da rai da lafiya. Wassalam.