Sikatin Fari a Gindin Bango: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin a Kafa

Yawancinmu idan gini ya kai matakin fenti, aljihu ya riga ya yi sanyi, sai mu bar wa mai tayil ko kafinta ya yi yadda ya ga dama da gindin bango. A wurin ne ake kafa sikatin, wato siririn tayil, katako ko roba da ke zagaye ɗaki inda bango ya haɗu da daɓe, mai tsayin kamar santimita 10. Danginsa su ne firam ɗin ƙofa da na taga, da gyaren POP da ke bin bakin silin.

A Amurka da Ingila, inda daɓen katako ya yawaita, ana barin ɗan gibi tsakanin daɓe da bango domin katako yana kumbura yana tsukewa da sauyin yanayi, sai a rufe gibin da allo, galibi mai farin fenti. Mu da muke gini da bulo da siminti bukatarmu daban ce. Gindin bangonmu shi ke shan ruwan goge ɗaki kullum, da dukan tsintsiya, da ƙafar kujera. Fentin ruwa ba ya jure wannan, shi ya sa a tsofaffin makarantu da asibitoci za ka ga an shafe ƙasan bango da fentin mai.

Fari yana da daɗin gani, babu musu. Yana shiga da kowane launin bango, yana fito da layin ɗaki tsaf. Amma ba ya rufa asiri. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan bakinsa cikin kwana biyu, kuma idan fentin mai aka shafa a ɗakin da rana ba ta shiga sosai, a hankali yakan koma ruwan ɗorawa.

Abin da aka yi sikatin da shi ya fi launinsa muhimmanci. Allon MDF, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, yana da santsi da araha, sai dai da ya sha ruwa ya kumbura, kuma ba ya komawa. Katako na gaske yana bukatar maganin gara da fenti gaba da baya kafin a kafa shi. Roba ba ruwanta da gara ko ruwa. A ganina, ga ɗakin da ake gogewa da ruwa safe da yamma, farin tayil ya fi kwanciyar hankali. Tayil mai santimita 60 a kowane gefe yana ba da yanki kamar shida, don haka tayil huɗu ko biyar sun isa ɗaki ƙafa 12 da 12. A roƙi mai aikin ya cike saman yankin da farin siminti a karkace, domin ƙura ta rasa wurin zama, kyankyaso kuma ya rasa maɓoya.

Akwai kuskuren da ake yawan yi ba da mugun nufi ba. Idan fenti yana ɓarewa a gindin bango, farin gari kamar kanwa yana fitowa bayan damina, danshi ne ke hawowa daga ƙasa ko bututu ke yoyo a cikin bango. Manna sikatin a kai ba ya korar ruwan. Zai ɓulla ne sama da shi, katakon kuma ya ruɓe ta baya. Sai a fara gyara magudanar ruwa a bayan ɗaki, a duba bututu, a bar bango ya bushe.

Mai sabon gini ya yi maganar sikatin da magini tun kafin filasta, domin ana iya shigar da shi ya yi daidai da fuskar bango, ba tare da bakin da zai tara ƙura ba. Kuɗinsa kuma ya shiga lissafin tayil tun ranar saye, saboda launin kwali ɗaya yakan ɗan saɓa da na wani zubin da za a samu daga baya.