Mai Keke da Hawan Kibo

Duk wanda ya saba tuka keke daga Mashi zuwa Katsina ko Daura ya san abokan gabarsa biyu ne, yashi da iskar hunturu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa tsohon Raleigh mai giya ɗaya yake isar mutum, har da buhun gero a baya.

Amma a kai keken nan Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga zuwa Jos, sai labari ya sha bamban. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, dole mai keke ya sauka ya tura. Wannan ba abin kunya ba ne. A tseren keke na Faransa na 1910, Octave Lapize ma turawa ya yi a dutsen Tourmalet mai mita 2,115, kuma shi ya zo na ɗaya a shekarar.

Gangarowa ita ce mai kisa, 'yan'uwa. In an daɗe ana matse birki, robar takan yi zafi ta daina kamawa. Samarinmu masu sha'awar doguwar tafiya, ku sa sabuwar roba tun daga gida, ku riƙa tsayawa wili ya huce.