Kalmomin Faɗuwar Bango da Lissafin Kifewarsa: Misali daga Benayen Fagge

Wanda ya ratsa Kantin Kwari a Fagge, ko titunan Sabon Gari, zai ga benaye masu hawa uku da huɗu, ƙasansu kantuna ne masu manyan ƙofofi, samansu kuwa cike da dilolin kaya. Maginan da ke aza su da Hausa suke aiki, amma lissafin da ke tsare ginin da Turanci yake rubuce. Nufinmu a nan shi ne mu nuna Hausa tana iya ɗaukar guda daga cikin lissafin nan, watau na kifewar bango, domin malaman kwalejojin horo su sami abin koyarwa.

1. Kalmomi

Bahaushe ba ya kiran kowace faɗuwa da suna ɗaya. In bango ya watse guntu-guntu, ya rushe. In rufi ya faɗa ciki, ya rufta. In gindi ya gusa daga mazauninsa, ya zame. In kuwa bango ya tafi ɗungurungum, kusurwa ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta dafe ƙasa, to, ya kife. Haka injiniya ma yake rarrabe su, kowanne da lissafinsa.

Saiwar kif- ta ba mu kifa, kife da kifar, watau giredi na 1, na 4 da na 5 a tsarin da Parsons ya fitar a 1960. Daga na 5 muka ɗauko "ƙarfin kifarwa", kishiyarsa kuma "ƙarfin zaunarwa". Bangon kankare da rodi wanda ake kafawa tun daga harsashi har ƙololuwa, don ya hana bene yin tangaɗi, muna ba da shawarar a kira shi "bangon tokara".

2. Dalilin kafa shi

Ginshiƙai nauyin da ke dannowa daga bisa suke ɗauka. Girgizar ƙasa kuwa gindin gini take fizga, saman ya yi jinkirin bi, sai ya zama kamar an ture shi ta gefe. Ƙasar Kano ba ta cikin wuraren da girgiza ta saba addaba, amma ta yi ɓarna a birnin Akra a 1939, an kuma ji motsinta a Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Iskar hadarin farkon damina ma ta gefe take turi. Benen da ƙasansa duk ƙofofi ne shi ya fi bukatar tokara, gama nan ne turin ke taruwa.

3. Lissafi

A ɗauki bango mai tsayi ƙafa 36, tsawon gindinsa ƙafa 20, nauyinsa da na daɓen da ke kansa tan 100. A ce turin girgiza tan 20 ne. Da yake sama ta fi jijjiga, akan ɗauka turin yana bugu a kashi biyu cikin uku na tsayi, watau ƙafa 24.

Ƙarfin kifarwa shi ne turi sau nisansa daga ƙasa: 20 sau 24, ya ba da 480. Ƙarfin zaunarwa shi ne nauyi sau nisan tsakiyar bango daga kusurwar da zai kife a kanta: 100 sau 10, ya ba da 1,000. Zaunarwa ta ninka kifarwa sau biyu da ɗoriya. Bisa al'adar injiniyoyi, sau ɗaya da rabi ne mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi. Wannan bango ya tsira.

Yanzu a ce mai gini ya ce a rage bangon zuwa ƙafa 10, don a fid da ƙofar kanti. Nauyi ya koma wajen tan 50, nisa ƙafa 5, zaunarwa 250 kurum, alhali kifarwa tana nan a 480. An rage rabin bango, an yi hasarar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Magani shi ne a faɗaɗa harsashi, a kuma ɗaure rodi mai kauri a ƙarshen bango ya kama harsashin. Ƙarshen biyu duka za a ɗaure, domin girgiza kai-komo take yi. Sai kuma a duba ko ƙasar da ke ƙarƙashin kusurwar da aka danne za ta jure.

4. Abin lura

Maginan da suka ɗaga ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu sun san asalin wannan, shi ya sa suke kaurara gindi, su tsuke sama. Sai dai akwai bambanci da ya wajaba malami ya fayyace. Ganuwa da fuskarta take karɓar turi, kaurinta ke tsare ta. Bangon tokara da gefensa yake karɓa, tsawon gindinsa ke tsare shi. Saboda haka ake kafa wasu gabas da yamma, wasu kudu da arewa. Kafin kalmomin nan su shiga littafi, ya kamata a gwada su ga magina a bakin aiki, a ji wadda ta zauna a bakinsu.