Ƙararrawar tsaron gida: a fahimce ta kafin a biya kuɗi

Ƙararrawar kama ɓarawo tsohuwar fasaha ce. A shekarar 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya yi rajistar wata ƙararrawa mai aiki da batir da maganaɗisu, wadda ke kaɗawa da zarar an buɗe ƙofa ko taga. Edwin Holmes ya sayi haƙƙin ƙirar a 1857, ya mayar da ita sana'a a Boston, daga baya a New York. Tushen aikin bai sauya ba har yau, sai dai sassan sun ƙaru, kowanne da sunansa. A ganina, maigidan da ya sayi wannan na'ura bai san ma'anar waɗannan sunaye ba, ƙara kawai ya saya, domin kowane suna yana ɗauke da shawarar da shi kaɗai zai iya yankewa game da gidansa.

Akwatin sarrafawa shi ne ke karɓar saƙo daga sauran sassa, ya kuma ba jiniya umarnin kuka. Allon lambobi kuwa nan ake danna lambar sirri don kunnawa ko kashewa. Masu kawo saƙon iri biyu ne suka fi yawa. Na farko maganaɗisun ƙofa: ɓari ɗaya a jikin ƙyaure, ɗaya a jikin dogarin ƙofa, idan suka rabu sai akwatin ya sani. Na biyu na'urar gano motsi, wadda ba hoto take gani ba, bambancin zafin jikin mutum da na ɗakin da yake wucewa take ji. Wannan bayani yana da nauyi a wurinmu. Zafin jikin ɗan Adam kusan digiri 37 ne, a bazara kuwa Kano da Sakkwato da Maraɗi sukan haura digiri 40, don haka bambancin yakan ragu, na'urar ta yi rauni. Wanda ya san haka zai nemi mai haɗa gano zafi da igiyar rada, ko ya fi dogara ga maganaɗisun ƙofofi. Haka nan kyanwa, ko akuya a tsakar gida, na iya tayar da jiniya idan ba a zaɓi irin da ke ƙyale ƙananan dabbobi ba.

Sai kuma shiyya, wato raba gida kashi-kashi: zaure, falo, ɗakin ajiya, gareji. Da wannan rabon ake sanin daga ina saƙo ya fito, da shi kuma ake bambanta kunnawar fita da kunnawar kwana. A ta fita, komai na aiki. A ta kwana, ƙofofi da tagogi ne kawai ke tsare, mutanen gida na yawo a ciki ba fargaba. Gidan da ke da mata da yara da baƙi, ana tashi alwala da asuba, ba zai yi mako guda da na'urar da aka saita ba bisa tsarin rayuwarsa ba; za a gaji da kukanta a kashe ta gaba ɗaya. Akwai kuma jinkirin shiga, daƙiƙu kamar 30 da ake ba mai gida ya danna lambarsa, da batirin ko-ta-kwana. Inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, tambayar awa nawa batirin zai riƙe ta fi tambayar ƙarfin jiniya muhimmanci.

Mafi girman bambanci yana tsakanin ƙararrawa mai kuka kawai da mai aika saƙo ta layin waya zuwa ga maigida ko cibiyar sa ido. A Amurka, inda 'yan sanda ke amsa irin wannan kira, binciken hukuma ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na kiran ba ɓarawo ne ya jawo su ba, kuskuren masu gida ne ko matsalar na'ura. Maƙwabcin da jiniya ta tasa a banza sau uku ba zai fito a na huɗu ba, saƙon da ya iso ba mai amsawa kuwa ihu bayan hari ne.

Wani zai ce ai sanin waɗannan sassa aikin mai haɗa na'urar ne. Gaskiya ne shi ya san waya da saiti, amma bai san wace ƙofa ake bari a buɗe da dare ba, kuma shi ɗan kasuwa ne mai son kayansa su fita. Wani kuma zai ce katanga da maigadi da kare sun wadatar. Suna da amfani, har ma maigadi da kare ne za su amsa kiran, amma maigadi kan yi gyangyaɗi, ba ya kuma iya duba kusurwa huɗu a lokaci guda. Na'urar tana taimaka masa ne, ba ta maye gurbinsa.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, a zaunar da mai haɗawa a tambaye shi: shiyya nawa za a raba gidan, wace na'ura ce ke jure zafinmu, batir zai kai awa nawa, kuma idan ta yi kuka cikin dare wayar wa za ta kira? Idan ya kasa amsawa da harshen da maigida zai gane, a nemi wani.