Teku a Cikin Gilashi: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Kafa Babban Akwatin Murjani

Da wuya a sami gidan da ba a san murjani ba a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata sun daɗe suna ɗaura shi a wuya da hannu, har ma akan raɗa wa 'ya mace suna Murjanatu. Amma idan aka tsayar da ɗalibin sakandare a Ɗanbatta aka tambaye shi mene ne murjani, mai yiwuwa ya ce dutse ne. To, ba dutse ba ne; ƙashin dabba ne. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa kasuwanninmu. Yana da dangi a tekuna masu ɗumi, waɗansu 'yan mitsi-mitsin dabbobi masu zama cunkus wuri guda, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa. Ɗaki bisa ɗaki, shekara bisa shekara, har abin ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Mafi girman irin waɗannan tuddai yana gabas da Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kimanin rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin waɗannan tuddai, domin kogin Kwara da 'yan'uwansa suna kwarara ruwan daɗi da laka cikin teku, murjani kuwa ba ya shiri da ko ɗaya daga cikinsu. Alhazanmu da suka leƙa bakin Bahar Maliya a Jidda su ne suka fi kusantar gidansa. Abin mamaki shi ne, ƙasar da muke takawa ta taɓa ganin teku. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti ta kwanta ne a ƙasan wani teku da ya rufe yankin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, kuma sinadarinta ɗaya ne da na ƙashin murjani.

Tun da yawancinmu ba za mu je teku ba, shin za a iya kawo tekun cikin ɗakin gwaje-gwaje na makaranta? Ana iyawa. A shekarar 1850 wani masanin harhaɗa sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa za su iya rayuwa tare a cikin tulun gilashi, tsiron yana ba kifin iskar oksijin. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan. A yau akwai mutane da yawa a duniya masu kiwon murjani mai rai a falonsu. Sai dai aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri, kuma kuskuren da ya fi halaka shi tun ranar sayen akwatin ake yin sa.

Don me babba ya fi ƙarami sauƙi?

Wanda bai sani ba zai ce a fara da ƙaramin akwati, in an ƙware a sayi babba. Ga alama shawara ce ta hankali, amma a wannan fage juye take. Halittun murjani sun saba da teku, inda zafin ruwa da gishirinsa ba sa sauyawa farat ɗaya. Abin da ke kashe su shi ne canji na gaggawa, ƙaramin ruwa kuwa shi ya fi saurin canzawa. Kofin shayi yakan huce kafin a gama gaisawa, amma tukunyar kunun biki tana nan da zafinta har la'asar. Kowace lita ta ruwa tana bukatar kimanin jul 4,200 na makamashi kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka ruwa mai yawa ba ya saurin biye wa zafin ɗaki.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauki akwati biyu. Na farko tsawonsa santimita 40, faɗi 25, zurfi 30, wato lita 30 ke nan. Na biyu tsawo 120, faɗi 50, zurfi 50, wato lita 300. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A ce iskar hunturu ta shanye santimita ɗaya daga saman kowannensu. Ƙaramin ya yi asarar lita ɗaya cikin 30, gishirinsa ya hau zuwa giram 36.2. Babban ya yi asarar lita shida cikin 300, nasa ya tsaya a 35.7. Bambancin ba shi da yawa a kwana ɗaya, amma a tuna da hutun ƙarshen mako da babu kowa a makaranta. Inda ratar ta fi fitowa shi ne wajen ƙazanta. Idan ɗan kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse ba a gani ba, dafin da zai fita daga gawarsa zai ninka sau goma a ƙaramin akwatin bisa ga babban.

Wannan lissafi ya koya mana wani abu kuma: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Don haka idan ruwan akwatin ya ragu, da tsabtataccen ruwa maras gishiri ake cike shi. Masu koyo da dama sun ƙara ruwan gishiri a kan ruwan gishiri, suka wayi gari da matattun kifaye ba su san dalili ba.

Girman yana da nasa sharaɗin. Lita 300 ta ruwan teku ta ɗara kilogiram 300 kaɗan, in aka haɗa da gilashi da duwatsu da yashi da ƙaramin tankin tacewa da ake ajewa a ƙarƙashi, nauyin zai doshi kilogiram 450, wato buhun siminti tara. Teburin aji ba zai ɗauka ba. Dakali ake ginawa ko a ƙera ƙafar ƙarfe mai ƙwari, a daidaita ta da ma'aunin magina, a shimfiɗa soso mai tauri kafin a ɗora akwatin, domin in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, gilashin zai riƙa jin jiki har ranar da zai tsage. Kaurin gilashin kada ya gaza milimita 10 zuwa 12. Kuma a zaɓi mai faɗi a kan mai zurfi: nauyin da ruwa ke danna wa bango da zurfi yake ƙaruwa, iska kuma ta saman ruwa take shiga, haske ma ya fi isa ƙasa. A nisanta shi daga taga mai rana.

Ruwa da gishiri

Gishirin miya ba zai yi ba, haka ma na Bilma, balle kanwa. Ruwan teku ba gishirin ci kaɗai ya ƙunsa ba; akwai maganiziyam da salfet da fotashiyam da kalshiyam da waɗansu da dama, kowanne da gwargwadonsa. Murjani yana bukatar kalshiyam kimanin miligiram 400 zuwa 450 a lita don gina ƙashinsa. Akwai haɗaɗɗen gishiri da ake sarrafawa musamman domin wannan aiki, daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma cikon farko kaɗai zai ci fiye da kilogiram goma.

Ruwan da za a dama shi ma abin lura ne. Ƙasar Ɗanbatta ƙasar noma ce, gona na jingine da gona, kowace damina ana zuba taki. Ruwan rijiya a irin wannan wuri yana iya ɗaukar burbushin takin, wanda a cikin akwati abincin gansakuka ne. Cikin 'yan makonni sai ta lulluɓe murjanin. Tagulla kuwa, ko da 'yar kaɗan ce daga tsohon bututu, dafi ce ga murjani da jatan lande. Hanyar da aka amince da ita ita ce a tace ruwan da na'ura mai matsa shi ta cikin wata siririyar fata, irin wadda waɗansu masana'antun ruwan leda ke amfani da ita.

Makonnin da akwatin zai zauna babu kifi

Nan ne haƙurin mutane yake ƙarewa. An zuba yashi, an jera duwatsu masu ƙofofi, an cika ruwa, famfo yana juyawa, kowa yana ɗokin ganin kifi. To, sai an jira mako huɗu zuwa shida, wani lokaci ma fiye.

Dalili kuwa ɗan manomi ya riga ya san rabinsa. Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar matatun numfashinsa, ita ce mai warin nan da ke tashi a turken awaki. Dafi ce mai ƙarfi, kuma ta fi muni a ruwan teku saboda ya ɗan karkata wajen kanwa-kanwa, ma'auninsa na tsami yana wajen 8.1 zuwa 8.3. Akwai waɗansu bakteriya da ke mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma ba a so ya taru, sa'an nan wani rukunin ya mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa. Masani Sergei Winogradsky, mutumin Rasha, shi ya fayyace aikin waɗannan halittu wajen shekarar 1890. Su ne dai ke aiki a gona idan an kai takin gida a mangala, suna mayar da shi abin da saiwar gero za ta iya sha. A cikin akwati suna zama a jikin duwatsu da yashi, kuma ba sa saurin hayayyafa. Sai a riƙa saka ɗan abincin kifi yana ruɓewa don su sami na ci, ana auna ruwan bayan kwana biyu ko uku. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya shi ma ya sauka. Ranar da duka biyun suka koma sifili, ran nan akwatin ya nuna. Daga nan ake saka kifi, biyu-biyu, da tazarar makonni. Murjani mai laushi ya biyo baya, mai ƙashi kuwa sai bayan watanni. Naitiret da ke taruwa ana rage shi ta hanyar sauya kimanin kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako ɗaya ko biyu.

Zafi da wutar lantarki

A jikin murjani mai gina tudu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune a cikin namansa. Tana amfani da haske ta haɗa abinci, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, shi kuma ya ba ta mafaka. Shi ya sa akwatin ke bukatar fitila mai ƙarfi ta sa'a takwas zuwa goma kullum. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, wannan zaman amana yakan lalace, murjanin ya kori baƙuwarsa, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Ƙarin digiri ɗaya kacal bisa zafin da ya saba da shi a lokacin bazara, in ya ɗauki makonni, ya isa. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, ta sake faruwa a 2010, da kuma tsakanin 2014 da 2017, sa'an nan a watan Afrilun 2024 masana suka ba da sanarwar aukuwar karo na huɗu.

Akwatin murjani yana son digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin santigired, dare da rana. A Ɗanbatta zafin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40, daren hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15. Ke nan ana bukatar na'urar sanyaya ruwa a bazara, da ta ɗumama shi a hunturu. Fanka mai hura saman ruwan tana taimakawa, bisa ƙa'idar da randa ke sanyaya ruwa, amma tana ƙara yawan ruwan da ke tashi. Ga kuma famfunan da ba a so su tsaya ko na sa'a kaɗan, domin ruwan gishiri yana riƙe oksijin ƙasa da na ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, murjani kuma ba ya motsi, sai abin da igiyar ruwa ta kawo masa. A ra'ayina, makarantar da ba ta da faifan hasken rana da batura masu iya kwana suna aiki, kada ta soma. Daren bazara ɗaya babu wuta ya isa ya shafe aikin shekara.

Akwai kuma batun inda halittun suka fito. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuwa tana cikin wannan yarjejeniya, don haka ba a shigo da shi sai da takardun izini. A waɗansu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda ke sumar da kifin ta kuma kashe murjanin da ke wurin. Wanda zai saya ya nemi wanda aka haifa a gidan kiwo.

Ga malamin da ke da ƙaramin kasafi

Duk ilmin da muka zayyana, in ban da na gishiri da murjanin kansa, ana iya koyar da shi da ruwan daɗi. Madatsar ruwa ta Tomas tana nan kusa, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako ma a Ɗanbatta take. A sami akwatin lita 300 ɗin nan, a gina masa dakali, a jira makonnin bakteriya kamar yadda aka bayyana, sa'an nan a saka 'yan karfasa huɗu ko biyar. Karfasa tana jure zafinmu, ba ta kuma saurin galabaita in famfo ya tsaya. A guji haɗa ta da tarwaɗa, don tarwaɗa in ta girma ba ta barin na ƙasa da ita.

A ba ɗalibai littafi guda su riƙa rubuta zafin ruwa safe da yamma, da yawan ruwan da ya ragu, da sakamakon awon amoniya, kowane aji da makonsa. A ajiye kwalbar lita biyu a gefen akwatin ana auna ta tare da shi, su gani da idonsu wanne ya fi saurin hawa da sauka. In an yi sa'a aka sami mace da namiji na karfasar Nilu, wata rana za a ga namijin ya share ɗan gurbi a cikin yashi, macen kuma ta daina cin abinci, haɓarta ta kumbura. Ƙwai ne ta ɗauke a bakinta, za ta riƙe su wajen mako biyu, kuma ko bayan 'ya'yan sun fito, da sun ga inuwar hannu a jikin gilashi sai su ruga su koma ciki.