Girbi ya shiga, matasa sun tafi cin rani: yadda za mu tsare gidajenmu daga ɓarayi

Jama'ar Filinge, Shikal, Bonkuku, Damana da sauran garuruwan kewaye, da ku 'yan uwa da ke karanta mu daga Yamai, Kwatano, Abijan ko Libiya, barkanmu da kaka. Kowace shekara haka abin yake a ƙasar Kurfai: ana gama ɗaure dammuna a zuba a rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗauki jaka su tafi cin rani. Lokacin da gida ya fi cika da dukiya, shi ne kuma lokacin da ya fi rashin masu tsaro. Ɓarawo ya san wannan lissafi kamar yadda muka san shi.

Ɓarawo da labari yake aiki

Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya haura katanga ya wuce ɗaki uku, ya nufi akwatin da kuɗi suke ciki kai tsaye, ba duba ya yi ba, ji ya yi. A ina? A bakin rijiya, a majalisar shayi, a kasuwa bayan an sayar da sa, yanzu kuma har a zauren WhatsApp na gari.

Ku da ke waje, in kun aiko kuɗi ta Nita, Al Izza ko ta salula, ku kira wanda zai karɓa shi kaɗai. Kar a aika saƙon murya cikin zauren da mutum ɗari ke saurare. Mai karɓa kuma ba dole ya kwashe duka a rana ɗaya ba. A ɗauki na buƙata, saura ya zauna a asusu, lambar sirri kuma ta tsaya a kan mai ita. Haka uwar adashe: kar kowa ya san daren da kuɗin zubi ke kwana a ɗakinta.

Ƙofa, katanga da rumbu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina tana cin gindin katangar laka, tana ruɓar da darni. To, kafin a tafi, a yi yaɓe, a sabunta darni, a janye turmi, tsani ko tarin itace daga jikin katanga, don su ne matakalar ɓarawo.

Da yawa muna sayen ƙaton kwaɗo mu rataya shi a marataya mai ƙusa biyu. Ɓarawo ba ya wahala da kwaɗon, ƙarfe yake sa wa ya ɓamɓare maratayar. A sa maƙeri ya ɗaure ta da noti mai ratsa ƙyaure, a ƙara sakata ta ciki. Makulli kuwa, ƙarƙashin tabarma da bisa dokin ƙofa su ne wuraren da ake fara lalubawa.

Rumbunan da ke bayan gari sun fi shiga haɗari. A kewaye su da ƙaya, a share ƙasan wurin don sawu ya fito, a riƙa leƙawa kullum. A san yawan dammunan da aka zuba, saboda akwai mai satar da ke zarar kaɗan-kaɗan, ba a farga ba sai bazara, lokacin da tiyar hatsi ta yi tsada.

Bisashe su kwana kusa da ɗakin mai gida, kowace da shaidarta a kunne ko a jiki. Faifan sola a ɗaure shi da ƙarfe, batir ya kwana cikin ɗaki. Kare da zabi ma masu gadi ne, ba sa ganin baƙon motsi su yi shiru.

Maƙwabci ya fi kwaɗo

Gidan da aka bar wa tsohuwa da mata da yara, a damƙa amanarsa ga maƙwabci tun kafin tafiya, a sanar da mai gari. Ranar kasuwa, ranar biki ko jana'iza, kar unguwa ta watse gaba ɗaya. A bar ko da mutum ɗaya babba. Ɗakin da mai shi ya yi tafiya a riƙa share ƙofarsa, don shara da yanar gizo su ke shaida cewa ba kowa.

In abin ya faru

Kar a tattake sawu, kar a gyara ƙofar da aka ɓalle. A sanar da mai gari, a kai ƙara wajen jandarma ko 'yan sanda nan take. In dabba ce, a aika wa dillalan kasuwannin Filinge, Abala da Baleyara kamanninta tun kafin kasuwa ta ci. Hoton dabba a salula yana taimakawa ƙwarai. Ita ma salular tana da lambarta ta musamman: a danna *#06#, a rubuta lambar a takarda a ajiye tare da rasit.

Abu biyu muke roƙo. Na farko, wanga zamani ba kowane mai shigowa da dare ne ɗan sane ba. In da makami ya zo, a bar masa kayan. Ana mayar da saniya, ba a mayar da rai. Na biyu, in an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Duka cikin duhu ya sha faɗawa kan marar laifi, kuma wanda ya ɗauki doka a hannunsa shi ma zai amsa tambaya gaban alƙali.

Sannan mu dubi kanmu. Akuya ko salular da aka kawo mana a rabin kuɗi, ba shaida ba rasit, mu bar ta. Doka tana hukunta mai ɓoye ko sayen kayan sata, kuma ranar da ɓarawo ya rasa mai saye, ranar sana'arsa ta mutu.

Ku karanta wa dattawan gida wannan bayani, ku tura wa 'yan uwa da ke nesa. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya maido matafiyanmu lafiya.